Raunukan da Masassaƙi Bai Ɓoye Ba

  Ku da kuke kwance a gida ko a asibiti, sannunku, Allah ya ba ku sauƙi. Maganarmu ta yau taku ce fiye da ta kowa.

Wata wasiƙa ta zo mana daga wani ɗan'uwa a ƙasar Augie, can bakin Gulbin Rima a Jihar Kebbi. Ya roƙa a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce sun tafi jana'izar wani abokin aikinsa a wata majami'ar Katolika a Birnin Kebbi, shi da mahaifinsa. Mahaifin nan tsoho ne. Ya yi ciwon kuturta tun yana saurayi, aka kai shi Amanawa kusa da Sakkwato, ya sha magani ya warke, amma ciwon ya riga ya tafi da yawancin yatsunsa. Shekara da shekaru, in ya shiga sujada sai ya nemi bencin baya ya zauna, ya tura hannuwansa cikin riga. A ranan nan kuwa suka tarar da babban giciye a gaban majami'a, da siffar Ubangiji an sassaƙa ta rataye a kansa, ga ƙusoshi, ga rawanin ƙaya, ga jini a haƙarƙari. Ɗan ya ce shi kam ransa bai so ba, gama a ekklesiyarsu giciye ne kawai, babu kowa a kansa. Sai ya sunkuyar da kai. Da ya waiga, sai ya ga tsohon ya fito da hannuwansa daga cikin riga ya ɗora su bisa gwiwoyinsa, yana duban siffar nan, hawaye suna zuba. A mota bai ce uffan ba sai da suka kusa Argungu. Sa'an nan ya ce, "Ashe shi nasa hannuwan a waje suke."

To, ɗan'uwanmu yana da tambaya biyu. Ta fari, abin nan ba gunki ba ne? Baba bai yi zunubi ba da ya tsaya yana dubansa har da kuka? Ta biyu, don me za a riƙa nuna Ubangijin da ya tashi daga matattu cikin irin wannan rashin ƙarfi da wulakanci?

Bari mu fara da ta farin, gama ita ce ke hana shi barci. A Fitowa sura 20 Allah ya hana mutanensa sassaƙa siffar kowane abu domin su rusuna mata, su bauta mata. Wannan doka tana nan daram. Amma in ka buɗe gaba kaɗan zuwa sura 25 ta littafin nan, za ka iske Allah da kansa ya umarci Musa a ƙera kerubobi biyu na zinariya bisa murfin akwatin alkawari. A Littafin Lissafi sura 21 kuma akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Isra'ilawa sun yi gunaguni a jeji, macizai masu dafi suka faɗa musu, mutane da yawa suka mutu. Da suka tuba, Allah bai kwashe macizan nan take ba. Ya sa Musa ya ƙera maciji na tagulla ya ɗaga shi a kan sanda, wanda aka sara ya dube shi ya rayu.

Ku manoman fadama kun san saran maciji ba a labari ba. Kun san yadda ƙafa take kumbura, kun san gudun neman abin hawa da tsakar dare. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi kuwa abin da mutum ba ya so ya gani ko a mafarki, shi ne aka ce ya ɗaga kai ya duba. Ubangiji Yesu da kansa ya ɗauki wannan labari a Yohanna sura 3, ya ce haka za a ɗaga shi.

Amma labarin macijin tagulla bai ƙare nan ba. Bayan ɗaruruwan shekaru, a zamanin sarki Hezekiya, kimanin shekara 700 kafin haihuwar Kristi, aka iske mutane suna ƙona masa turare, har sun raɗa masa suna Nehushtan. Hezekiya ya sa aka farfasa shi, Littafin Sarakuna na biyu sura 18 kuwa ya yaba wa sarkin. Tagullar ɗaya ce ba ta sake ba. A hannun Musa ta nuna wa mutane jinƙan Allah, a zamanin Hezekiya ta tsaya tsakaninsu da Allah. Abin da zuciya ta yi da ita shi ne ya sake.

A kan wannan batu Kirista sun daɗe suna ja da juna. A shekara ta 787 shugabannin ekklesiya suka taru a Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, suka yanke cewa ana iya girmama hoto ko siffa saboda wanda take nunawa, amma sujada ta Allah ce kaɗai. Wannan ita ce koyarwar Katolika har yau. A zamanin gyaran ekklesiya aka sake tada maganar. A 1522 waɗansu suka shiga farfasa siffofi a majami'un Wittenberg a Jamus, Martin Luta ya komo ya yi wa'azi ya tsawata musu, yana cewa a fara cire gunki daga zuciya tukuna. A 1524 kuwa mutanen Zurik a ƙarƙashin Zwingli suka kwashe siffofinsu duka. Yawancin ekklesiyoyinmu na Hausa sun gaji wannan hanya ta biyu. Muna kuma da namu dalilai. Iyayenmu da yawa daga tsafi suka fito, ba su so su ga wani abu mai kama da shi a ɗakin sujada. Muna zaune kuma tare da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda siffar mutum a wurin ibada abar ƙyama ce gare su. Masassaƙanmu ma turmi suke sassaƙawa, da akushi, da ƙota, da jirgin ruwa, ba mutum ba. Saboda haka ban zo in ce wa kowace ekklesiya ta sayo siffa ta kafa ba. Amma ga ɗan'uwanmu na Augie ina cewa, kwantar da ranka. Baba bai rusuna wa itace ba, bai roƙi itace kome ba. Itacen ya yi masa wa'azi ne, ya kuwa ji. Gani ya kori ji.

Tambaya ta biyu ta fi zurfi, a kanta za mu daɗe.

Wataƙila za ku yi mamaki in na gaya muku cewa Kirista na farko ma ba su so su nuna Yesu a kan giciye ba. Giciye a wurin Romawa kisan bayi ne da 'yan tawaye, abin da mutumin kirki ba ya ambata a gaban jama'a. Ɗaya daga cikin zane mafi tsufa da aka samu na giciyewa ma zanen ba'a ne. An tono shi a jikin wani bango a birnin Roma a 1857, an zana mutum mai kan jaki a kan giciye, da wani a tsaye a gabansa, aka rubuta sunan mutumin ana yi masa dariya wai yana yi wa allahnsa sujada. Don haka Kirista suka fi zana kifi, ko makiyayi da tunkiya a kafaɗa. Sai wajen shekara ta 430 aka sassaƙa giciyewar a jikin ƙofar itace ta majami'ar Santa Sabina a Roma, ƙofar tana nan har yanzu. Can ma Yesu a tsaye yake sosai, idanunsa a buɗe, kamar ƙusoshin ba su dame shi ba. Haka aka yi ta nuna shi shekaru ɗari biyar, Sarki mai nasara wanda zafi bai taɓa ba.

Wajen shekara ta 970 wani abu ya sake. Babban bishop na birnin Kolon a Jamus, mai suna Gero, (ba geron hatsi ba, sunansa ke nan,) ya sa aka sassaƙa babban giciye da itacen oak, da siffar Yesu mai tsawon mutum. A wannan siffa kan Yesu ya langaɓe bisa ƙirjinsa, idanu a rufe, ciki ya turo gaba saboda nauyin jiki, fatar kafaɗu ta miƙe, gwiwoyi sun karkace gefe. Masassaƙin ya nuna matacce ne sosai. Daga nan masassaƙan Turai suka yi ta ƙara kusantar zafin, musamman a ƙarni na 14, zamanin yunwa da yaƙi da annobar da ta shiga Turai a 1347 ta kashe wajen sulusin mutanenta. Mutanen da suke binne 'ya'yansu kowane mako, Sarkin da bai san zafi ba ya yi musu nisa.

Siffar da nake so mu tsaya a kanta tana wani ƙaramin gari a tsakiyar Faransa mai suna Brioude, ana furta shi Biriyud, cikin majami'ar Yuliyan mai tsarki. Mutanen wurin suna kiranta Kristi Kuturu. Kada sunan ya firgita ku, ku bari in bayyana. An sassaƙa ta da itace kimanin shekara 600 da suka wuce, aka manna mata ƙyalle, aka shafa launi. Jikin a rame yake, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, baki a buɗe, fuska ta sha wahala, fatar kuwa duk tabo ne da miki tun daga sama har ƙasa. Ba domin babbar majami'ar aka yi ta ba. Daga gidan kutare na La Bajasse aka kawo ta, kusa da garin, inda ake ajiye masu ciwon tun ƙarni na 12.

A ƙasar Hausa kuturu yana shiga kasuwa, yana bara a ƙofar gida, manyan garuruwa har da Sarkin Kutare suke da shi, ko da shi ke ƙyamar tana nan, tun da har karin magana ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Turai ta wancan zamani wariyar ta fi haka tsanani. A wurare da yawa akan fitar da mai ciwon bayan gari, a ba shi ƙararrawa ko katako mai ƙara domin a ji zuwansa. A 1179 wani babban taron ekklesiya a Roma ya ba da izini kutare su sami nasu ɗakin sujada, da nasu firist, da tasu maƙabarta. An yi wannan da nufin taimako, amma ku duba abin da yake nufi. Ko a sujada dabam, ko a kabari dabam. To, a irin wannan ƙaramin ɗakin sujada na bayan gari aka rataye siffar nan. Mutumin da matarsa ta bar shi, wanda ba shi da izinin shiga babbar majami'a, in ya ɗaga ido sai ya ga Ubangijin sama da ƙasa da fata irin tasa.

Daga ina masassaƙin ya sami ƙarfin halin yin haka? Daga Ishaya sura 53, inda annabi ya yi maganar Bawan Allah wanda mutane suka raina, suka kau da fuska daga gare shi, wanda ya ɗauki cututtukanmu, mu kuwa muka zaci hukuncin Allah ne ya same shi. A aya ta 4 akwai wata kalmar Ibrananci mai ma'anar wanda aka buga. Tushenta ɗaya da kalmar da Littafin Firistoci sura 13 yake amfani da ita a kan tabon ciwon fata wanda yakan sa a fitar da mutum bayan zango. Sa'ad da Jerom yake juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin a Baitalami, wajen shekara ta 400, da ya kai wurin nan sai ya sa kalmar da ke nufin kuturu. Fassararsa ce Kiristan yammacin Turai suka karanta fiye da shekara dubu. Watau kowace shekara a Mako Mai Tsarki ana karanta musu cewa an ɗauki Almasihu kamar kuturu. Masassaƙin ya mai da abin da kunne ya ji ya zama abin da ido zai gani.

Mu lura fa, Yesu bai yi ciwon kuturta ba, ba kuwa abin da siffar take koyarwa ke nan ba. Mutanen Biriyud suna da wata almara, wai wani kuturu ya kwanta a kan siffar yana roƙon warkarwa, sai ciwon ya bar jikinsa ya koma jikin itacen. Almara ce, kada wani ya tafi ya ce a rediyo an ce itace yana warkarwa. Amma wanda ya ƙago ta ya fahimci Markus sura 1. Can wani kuturu ya zo wurin Yesu, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi, abin da ba mai yi. Mutumin ya tsarkaka ya koma cikin gari. Ku karanta ƙarshen surar ku gani, Yesu ne ya koma zama a bayan gari, a wuraren da ba kowa, gama ba ya iya shiga a fili. Sun yi musanyar wuri. Ibraniyawa sura 13 kuma ta tuna mana a bayan ƙofar birni ya sha wuyarsa.

Wannan ba labarin Turawa kaɗai ba ne. Ekklesiyar Hausa tana da nata La Bajasse. Wajen ƙarshen shekarun 1930, sa'ad da ba a yarda mishan su yi aiki a cikin manyan biranen sarakuna ba, aka yarda mishan na SIM su riƙe asibitocin kutare na larduna, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Daga baya aka buɗe Danja kusa da Maraɗi. Maganin farko allurar wani mai ne mai zafi ƙwarai, mutum ya sha ta shekaru. A cikin waɗannan wurare mutane da yawa suka koyi karatun boko, suka koyi aikin jinya, waɗansu suka ba da gaskiya, suka koma garuruwansu masu bishara ne da ma'aikatan shan magani. In ka bi asalin iyalan Kirista Hausawa da dama a Kano da Katsina da Sakkwato, a can za ka tsaya. Ni dai abin yakan ba ni kunya, in ga jikokin waɗannan mutane suna sa wanda ya warke daga ciwon nan ya ji gara ya zauna a baya. Hannuwa masu dungu ne suka fara riƙe mana Littafin.

Akwai kuma wani abu game da ciwon nan da ya kamata kowa ya sani, gama yana buɗe mana ido a kan zafi kansa. A 1873 wani likita a ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar da ke kawo kuturta. Ba la'ana ba ce, ba gado ba ce, ba cin wani abinci ke kawo ta ba. Amma an daɗe ana zaton ƙwayar ce take cin yatsu har su zube. Wani likita Kirista mai suna Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore a ƙasar Indiya a 1946, shi ya nuna ba haka ba ne. Ƙwayar jijiyoyin ji take kashewa. Sai mutum ya daina jin zafi a hannu da ƙafa. Ya ɗauki tukunya daga wuta bai sani ba, ya taka ƙaya ya yini yana tafiya a kanta, ƙotar fartanya ta ci masa tafin hannu yana ta noma. Mikin ya ruɓe, ƙashi ya lalace, a hankali yatsa ya gajarce. Har ya gano ɓeraye suna cin yatsun waɗansu da dare suna barci ba su ji ba, sai ya riƙa sallamar majinyata da kyanwa su tafi da ita gida. Daga baya a Amurka shi da abokan aikinsa suka gwada ƙera safar hannu mai na'ura wadda za ta gargaɗi mutum in ya matsa abu fiye da kima. Aikin bai yi nasara ba. In mutum yana so ya gama aikinsa sai ya kashe na'urar. Gargaɗin da kake iya kashewa ba ya tsare ka. Likitan nan ya ce in da yana da kyauta ɗaya da zai ba majinyatansa, zafi zai ba su.

Jiki magayi, in ji Hausawa. Ranar da jiki ya daina gaya maka, ranar ka shiga hatsari.

Yanzu ku komo ga giciye. Markus sura 15 ta ce kafin su kafa masa ƙusa sun miƙa masa ruwan inabi gauraye da mur, abin da yakan dusashe azaba. Ya ƙi sha. Kada wani ya ɗauki wannan ya ce Kirista ba ya shan maganin zafi, a'a, sha naka, Allah ne ya ba likita sani. Shi dai Ubangiji yana da aikin da ba ya yiwuwa sai da jiki mai ji. Ciwon kuturta yana ɗauke wa mutum zafin hannu ya bar masa na zuciya. Yesu ya ɗauki duka biyu da idonsa biyu. Shi ya sa Ibraniyawa sura 4 take iya cewa Babban Firist namu ya san kasawarmu daga ciki. Manzo Bulus kuma a Korintiyawa ta fari sura 12 ya kira ekklesiya jiki, inda ciwon gaɓa ɗaya yake zama na dukan gaɓoɓi. To, ekklesiyar da ɗaya daga cikinta ya shekara talatin yana ɓoye hannu a bencin baya ba wanda ya ji, wane ciwo ke damunta?

Mu Hausawa an hore mu da ɓoye zafi. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mace tana naƙuda ta cije leɓe, yaro a gaban wanzami a ce kada ya ba da kunya. Ka je gaida mai ciwo, ka ce yaya jiki, ko yana bakin mutuwa zai ce da sauƙi. Ban raina wannan ba. Akwai mutunci a ciki, akwai dogara ga Allah, haƙuri kuwa ɗiyan Ruhu ne. Amma mun shigo da abin cikin ekklesiya har ya wuce gona da iri. A lokacin shaida, wanda ya warke ne kaɗai yake tashi. Wanda aka yi wa addu'a shekara biyar bai warke ba yakan yi shiru, don kada a ce bangaskiyarsa ce kaɗan, ko akwai zunubin da ya ɓoye. Matar da ba ta haihu ba, da mai yoyon fitsari, da mai farfaɗiya, da magidancin da ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa a fadama ta bar shi da bashi, duk suna zuwa da fararen tufafi, a gaisa, a ce lafiya lau. Waɗansu masu wa'azi na zamanin nan kuma sun ƙara wa abin gishiri, suna koyar da cewa ɗan Allah ba ya ciwo, ba ya talauci. In haka ne, me za su yi da Bulus, wanda ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba?

Ɗan'uwana na Augie zai ce, amma ai ya tashi. Gaskiya ne, ya tashi, giciyen da ba kowa a kansa kuwa wannan yake shaidawa, shaida ce mai kyau, kada ku sake ta. Sai dai ka karanta Yohanna sura 20 a hankali. Da ya tashi ya shiga wurin almajiransa, abin da ya fara nuna musu bayan gaisuwa hannuwansa ne da haƙarƙarinsa. Da su suka gane shi. Bayan kwana takwas ya kira Toma ya kawo yatsansa ya sa a gurbin ƙusa. Wanda ya ta da Li'azaru ba zai kasa shafe tabo huɗu ko biyar daga jikinsa ba. Ya bar su da gangan. Har a Ru'ya ta Yohanna sura 5, a tsakiyar kursiyin sama, Ɗan Ragon da aka gani yana ɗauke da alamar yanka.

Akwai wata shahararriyar siffa a majami'ar Bitrus mai tsarki a Roma, wadda Mikelanjelo ya sassaƙa da farin dutse ya gama a 1499, yana saurayi ɗan shekara 24. Maryamu ce riƙe da gawar Ɗanta a cinya. Kyakkyawa ce ƙwarai, har raunukan ma da ƙyar ake ganinsu. Ran 21 ga Mayu 1972 wani mutum mai taɓin hankali ya haura ya sassare ta da guduma, ya karya hannun Maryamu, ya fasa hanci da fatar ido. Aka gyara ta har ba a gane wurin, aka sa ta bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa. Ban ga laifinsu ba, dukiya ce. Amma duk sa'ad da na tuna da ita sai in ga kamar hotonmu ne ranar Lahadi, an gyara, an goge, an sa gilashi, a duba daga nesa. Ni kam na fi son ta gidan kutare.

Saboda haka ga abin da zan ce maka, ɗan'uwa. Kada ka yi wa Baba gardama a kan siffa. Ka tambaye shi labarin Amanawa, in ya yarda ya faɗa, ka zauna ka ji har ƙarshe, ka kira jikokinsa su ji. Ran Lahadi ka zauna kusa da shi, ko a baya ne. In an zo gaisuwa ka kama hannunsa a gaban mutane, yadda yake. Ka kuma yi magana da fasto da dattawa, ko za su ba da wuri a lokacin shaida domin wanda bai warke ba tukuna ya faɗi abin da yake ɗauke da shi, a yi addu'a tare da shi ba tare da an bincike shi ba.

Ga sauran masu sauraro kuma, kuturta tana warkewa sarai. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna, wanda a yau ake sha wata 6 ko wata 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wanda ya fara sha ba ya ba wani ciwon, wanda ya gama kuwa ya warke, ko da dungun yana nan. Yawancin mutane ma jikinsu ba ya kamuwa da ita ko kaɗan. Alamar farko tabo ne a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga ba a ji. Wanda ya ga irin wannan a jikinsa ko a jikin yaronsa, kada ya rufe shi da riga. Ya tafi asibitin gwamnati mafi kusa, ya nemi ma'aikacin da ke lura da tarin fuka da kuturta, gama ofishinsu ɗaya ne. In an kama ta da wuri, ko yatsa ɗaya ba ya tafiya.

Lahadin ƙarshe na watan Janairu ita ce ranar tunawa da masu wannan ciwo a duniya, tun 1954 ake kiyaye ta. Ekklesiyar da take so ta kiyaye ta bana, sai ta karanta Littafin Lissafi sura 21, da Ishaya sura 53, da Yohanna sura 20 daga aya 19. Mu kuma a nan za mu riƙa tunawa da Baba na Augie cikin addu'a, da ɗansa, da iyalin mamacin da suka je wa jana'iza. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.